Ƙofar Yamma da Madawaki Ya Toshe

A zamanin sarkin da ake wa laƙabi da Gurgu, ana gab da saukar damina, Madawaki ya saki matarsa, 'yar wani magini daga ƙauyen da ke yamma da birni, ya riƙe ɗansu da ba a daɗe da yayewa ba. Ta kai ƙara. Alƙali ya yanke hukunci: yaro ya zauna gidan ubansa, amma duk ranar kasuwa a fito da shi Ƙofar Yamma, ya wuni wurin uwarsa.

Madawaki bai yi musu ba. Sai ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar nan ta yi rauni, ga yaƙi na tafe." Aka toshe ta da laka ana tsakiyar ruwa. Matar ta zagaya sauran ƙofofin, masu gadi suka kore ta. Ta aika wa alƙali.

"Baiwar Allah, ni ƙofa na ambata," in ji shi a amsar da ya aiko mata. "Ba ni da iko da bango."

Da shekara ta zagayo, rundunar wani sarki maƙwabci ta kewaye birnin, ganuwa ta gagare su. 'Yar magini ta je wurin Sarkin Yaƙinsu ta nuna masa gurbin ƙofar da aka toshe.

"Ginin damina ne, cikinsa duk tsaga. Ku daki nan."

"Me za a ba ki?"

"Ɗana. Ubansa kuma kada a kashe shi."

Birni ya faɗi. Aka kawo Madawaki gaban 'yar magini cikin mari, yaron na goye a bayanta.

"Uwar ɗana," ya ce, "ki bar ni in riƙa ganinsa."

"Au, yau na zama uwar ɗanka? Za ka gan shi mana. Duk ranar kasuwa, a Ƙofar Yamma."

An ce ta fita da yaron ta gurbin nan, ta jira rani ya tsaya, sannan ta sa ubanta ya sake toshe shi, wannan karon da dutse. Madawaki ya tsufa yana bauta a cikin ganuwa.

Har yau ana koya wa yara cewa matar nan maciya amana ce. Na koyar da tarihi har na ajiye alli, ban taɓa yarda na rubuta haka a allo ba. A gyara! Mulkin da ya yanke hukunci ya kuma ba da lakar binne shi, shi ya fara rushe ganuwarsa. A sa sunan alƙalin a inda aka sa nata.