Inuwar Bappa Bobboyi

Nahla na tsakar gida tana share busassun ganyen mangwaro, karo na uku tun safe, aka buga ƙofa. Ta buɗe. Wani dogon saurayi ne riƙe da busasshen reshe.

"Salamu alaikum. Don Allah wa ke kula da bishiyar nan taku?"

"Baba ne. Lafiya?"

"To kashe ta yake yi."

Ikon Allah! Ko gaisuwa ba a gama ba. Nahla ta dube shi sama da ƙasa, ta so ta rufe ƙofa, sai ya yi murmushi ya sosa ƙeya, ita kuma hannunta ya ƙi motsi.

Usaid ke nan, ɗan Dada Yelwa, sababbin maƙwabtan da suka taso daga Girei suka tare a gidan da ke jingine da na su Nahla a unguwar Karewa ta Jimeta. Ilimin gandun daji ya karanta. Abin da bai karanta ba shi ne yadda ake magana da dattijo. Alhaji Nuruddeen, mahaifin Nahla, na fitowa, Usaid ya nuna masa daɓen tubalin intalok ɗin da aka shimfiɗe tsakar gidan da shi kaf, sai ɗan zagaye kamar faranti a gindin bishiyar.

"Baba, wannan daɓen ne ya toshe mata numfashi. Bokitin da kake zuba mata a gindi kuma ruɓar da ita yake yi. A fasa daɓen."

"A fasa?" in ji Alhaji. "Yaro, shekara talatin ina shayar da ita. Ga ƙofa."

Da yamma Nahla ta leƙa ta katanga ta gaya wa Usaid abin da bai sani ba. Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, mutum talatin da huɗu na danginsu suka gudo Jimeta, ɗakuna suka kasa, maza suka yi wata huɗu suna kwana a ƙarƙashin wannan mangwaro. Cikinsu har da Bappa Bobboyi, ƙanin Baba. Wata safiya ya naɗe tabarmarsa ya ce zai je ya dubo gida, ya ce da yayansa, "Hamma, ka ajiye mini inuwata." Shekara goma ke nan, ba shi, ba labarinsa.

Da ta gama, Usaid ya ce:

"Kaico. Na yi wauta. Ki ba ni lambarki, in riƙa tambayar lafiyarta."

Lafiyar bishiya, wai! Cikin sati biyu saƙonnin sun bar maganar bishiya.

"'Yar Mangwaro, kin ci abinci?"

"Na ci, Likitan Itace. Ganye dai sai zuba yake, Baba ko barcin rana ya daina."

"Ki ba ni wata biyu. Ba zan yi alkawari ba, don ban tabbata ba."

"Wata biyu na me?"

"Na komai."

Ta karanta ya fi sau goma. Bishiya yake nufi ko aure? Ta kasa ganewa, kunya kuma ta hana ta tambaya. Abin da ta sani kawai, tana son sa, so mai hana sukuni.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Rilwanu, ɗan goggonta, shi ya kawo masu aikin intalok shekara uku da suka wuce, kuma ya daɗe yana zagaye Nahla. Ran nan ya shigo da waya a hannu yana huci, ya miƙa wa Alhaji. Bidiyo ne da ya ɗauka ta saman katanga: ga Usaid a tsakar gidan Dada Yelwa da jarka, yana tuttula wani baƙin ruwa cikin rami.

"Kawu, ka gani? Guba ce. Ganye na ɓata musu tsakar gida, shi ne yake bi ta ƙasa."

Alhaji ya kalli bidiyon, ya kalli rassan da suka bushe a kansa, idonsa ya kaɗa.

"Nahla, na san abin da ke tsakaninki da yaron nan. Na yanke shi yau. Wanda ya taɓa inuwar Bobboyi ba zai taka gidana ba."

Rilwanu ya ƙara da cewa ranar Asabar zai kawo masu injin yanka, a sare rassan duka a bar kututture, wai zai sake tohowa. Alhaji ya gyaɗa kai kamar mara lafiya.

Nahla ta shige ɗaki ta kira Usaid a waya.

"Usaid, kai ne a bidiyon nan?"

"Ni ne."

"Me kake zubawa?"

"Kashin shanu ne jiƙaƙƙe, da ruwa. Duk bayan kwana uku."

"Bishiya na gidanmu, kana zuba ruwa a gidanku? Ka mai da ni yarinya ne?"

"Ba da gindi take sha ba, Masoyiya. Saiwoyin da ke shan ruwa suna can nesa, daidai inda inuwarta ta ƙare. Naku suna ƙarƙashin daɓe. Waɗanda suka rage a gidanmu suke."

Ta ajiye wayar. Kai! Wannan wane irin zance ne? Tun tana yarinya gindin bishiya ta ga ana shayarwa. In gaskiya yake faɗa, to Baba ne ke kashe abin da ya fi so a duniya. In ƙarya yake yi, to ta ba maƙaryaci zuciyarta. Duk wanda ta zaɓa ciwo ne. Kwana biyu ba ta amsa kiransa ba, ta sa gishiri a shayi, ta gaida Baba sau biyu a safiya ɗaya.

Ranar Juma'a saƙo ɗaya ya shigo.

"Kada ki yarda da ni. Ki zo gaida Dada, ki ɗaga kai. In aka sare ta a wannan zafin, ba za ta tashi ba."

Ta je. Dada Yelwa ta tarbe ta da fara'a, ta nuna mata bayan ɗakin girki. Nahla ta ga wani ɗan rami mara zurfi, ya yi rabin zagaye, an lulluɓe shi da buntun shinkafa da busassun ganyen da take zaton sharewa suke yi su zubar. Ƙasar a jiƙe, ga sanyi. Ta ɗaga kai.

"La'ilaha illallahu!" Abin da ya fito bakinta ke nan.

Asabar da hantsi masu injin suka iso, Rilwanu na gaba yana nuna musu rassa. Nahla ta shiga ɗakin Baba ta ɗauko tsohuwar tabarmar Bappa Bobboyi, wadda ba mai taɓawa, ta rungume ta ta nufi ƙofa.

"Ke! Ina za ki da wannan?"

"Inda inuwarsa take, Baba."

Ba ta taɓa yi masa haka ba. Amma ba ta tsaya ba. Alhaji ya bi ta da faɗa, takalmi ƙafa ɗaya, har cikin gidan su Usaid, wanda ya rantse ba ruwansa da shi. Ta shimfiɗa tabarmar kusa da ramin ta koma gefe tana hawaye.

Alhaji ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya ji sanyi a kansa. Ya ɗaga ido.

Rassan da suka tsallako katanga shar suke, ga sabon toho ja-ja yana sheƙi, har da 'yan ƙananan 'ya'ya. Daga tsakar gidansa busassun rassan sun tare wannan gefen, shi ya sa bai taɓa gani ba. Ya juya ya dubi nasa ɓangaren, ya dawo ya dubi wannan. Ya tsuguna ya cusa hannu cikin buntun, ya shinshina.

"Taki ne," ya ce a hankali. "To… ni nake…"

Bai ƙarasa ba. Usaid, da ke raɓe a bakin ɗaki, ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini kalamaina na ran nan. Ruwanka ne ya raya ta shekara talatin. Girma ta yi, bakinta ya matsa gaba."

Alhaji ya zauna a kan tabarmar ya daɗe yana share ido da hannun riga. Can aka ji an tayar da injin a gidansa, ya zabura.

"Rilwanu! Kashe wannan abin! Ka sallame su!" Ya juyo ga Usaid. "Kai kuma, sarkin surutu, kana da diga?"

"Akwai, Baba."

"Tubali ɗaya ɗaya za ka cire, da hannunka. Ran da ka gama, ka turo manyanka."

Nahla ta rufe fuska da mayafi ta gudu bayan Dada Yelwa, wadda ta riga ta saki guɗa.

Kwana tara ya yi yana cirewa. Tafin hannunsa ya yi kanta, Nahla na aika masa man kaɗanya da saƙo: "Sannu, Likitana. Yanzu na gane wata biyun." Rilwanu ya yi fushinsa ya huce, har ya kwashe tubalan ya kai masallacin unguwa.

Bayan damina aka ɗaura aure a nan tsakar gidan, a kan ƙasa. Dangin Mubi suka zo, waɗanda suka taɓa kwana a wurin, suna nuna wa 'ya'yansu inda kowa ya shimfiɗa kayansa. Rabin bishiyar bai gama farfaɗowa ba, amma inuwar ta ishi kowa.

Da aka shafa fatiha, Alhaji ya kira ango da amarya ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Usaid, na ba ka amana biyu."

Sannan ya gyara tabarmar da ke gefensa, wadda ba kowa a kai, ya ɗaga kai.

"Bobboyi, tana nan. Na ajiye maka."