Kafin Mama Ta Manta

Ranar da ya fara ganinta tana durƙushe a ƙarƙashin tebur, tana laluben wayar kwamfutar da ta ƙi kamawa. Ya yi sallama, mahaifiyarsa na bayansa, ya ce in wuta ce matsalar a bar masa, sana'arsa ce. Ta fito da ƙura a goshi, suka haɗa ido, sai ya nemi sauran maganar a bakinsa ya rasa.

Ita ce malamar ajin manya a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta da ke saman kantin magani. Shi mai gyaran wuta ne, ƙarami a gidansu, kowa Auta yake ce masa. Mama ce ta matsa sai ya kawo ta, ga shi ta haura sittin, kuma ta ƙi faɗin dalili.

Mama mace ce mai hannu. Ita ta ɗinka labulen gidanta, ta san maganin kowane tabo a tufafi, daga ƙamshi take gane ko gishiri ya ji a tukunya. Amma da aka ba ta maus, abin da ake jan kibiyar kwamfuta da shi, sai ta riƙe shi kamar ɓera mai rai. Malama ta ɗora hannu a kan nata tana ja a hankali, har kibiyar ta daina guje mata.

Auta kuwa ya mayar da bakin ƙofar ajin wurin zamansa. Ba a jima ba saƙonni suka fara.

"Malamata, yau ma ban gane darasi ba. Ina neman ƙarin aji."

"Ɗalibin bakin ƙofa, ka fara shigowa tukuna."

"In na shigo ba allo zan kalla ba, kin sani."

Da ya kai wa Mama maganar aure, ta ce yarinyar kirki ce, amma ko zare ba ta iya zurawa a allura ba, kuma ba a riƙe gida da danne-danne. Ga 'yar maƙwabta nan da ta taso a gaban murhunta. Da maganar ta kai kunnen Malama ta ji zafinta, don tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, a makarantar kwana ta girma, babu wanda ya koya mata.

Sai dai wani abu daban ne ya fi damunta. Mama da ta kama rubutu da wuri ta fara komawa baya. Takan tambayi inda harafin da ta danna yanzu-yanzu yake. Wata rana ta gaisa da kowa ta zauna, can ta miƙe ta sake gaisawa kamar shigowarta ke nan. Wata rana kuma ta zo da takalma kala biyu, matar da ko hankici sai ta goge. Mayafinta na warin hayaƙi. Auta ya yi dariya ya ce tukunya ce ta ƙone, karo na farko tun da aka haife shi.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kai Mama asibiti a duba ta.

Fuskarsa ta canza. "Don ta ce ba ki iya gida ba, shi ne za ki ce kanta ya taɓu?"

Daga ranar ya daina kawo ta. Kujerar Mama ta zauna babu kowa, wayar Malama ta yi shiru. Ta tura masa saƙo ɗaya: "Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma don Allah kada ka bar ta ita kaɗai da wuta a kunne." Ya karanta, bai amsa ba.

Wata ranar da ba aji, hadari ya haɗu, mai kantin magani ya kira Malama ya ce wata dattijuwa na zaune a matakala tun safe, ta kasa faɗin unguwarsu. Da ta je ta iske Mama ce, da ludayi a hannu. Ta zauna kusa da ita, ta kira Auta, wanda tuni yake bin titi-titi yana nemanta.

Kafin ya iso hankalin Mama ya dawo. Ta dubi ludayin ta ajiye.

"Na san abin da ke tafe, 'yar nan. Haka ya fara wa mahaifiyata. Ta rasu ba ta san sunana ba, duk abin da ta iya ya bi ta. Na zo ne in zuba nawa a injin nan kafin ya tsiyaye. Ke kuma ba ƙin ki nake ba, tsoro ne. Wa zan bar wa yaron nan?"

Malama ta ce, "Ki koya min, Mama. Ni ma ai ɗaliba ce, sai dai na makara."

Auta ya iso a jiƙe, ya durƙusa a gabansu. Da suka kai Mama asibiti, likita ya tabbatar da abin da ake tsoro, ya ce magani zai rage masa gudu, ba zai tsayar da shi ba. A hanyar dawowa Auta ya rubuta wa Malama: "Ke kika gani, ni na rufe ido. Ki yafe min, hasken gidana."

Aji ya koma kicin ɗin Mama. Ta zauna gaban kwamfuta tana rubutu da yatsa ɗaya, yadda ake wankin farin kaya, yadda ake kama yagar riga ba a gane ba. Inda kalma ta ɓace mata, hannunta bai manta ba, sai Malama ta ɗauki bidiyo. 'Yar maƙwabta ma ta shigo tana tuna musu abin da aka tsallake. Malama ta soke yatsa, ta ƙona tukunya, Mama na faɗa tana dariya.

Saƙon farko da Mama ta tura da kanta ga ƙanin mijinta ne: "Ku je wurin mahaifin Malama ku nema wa Auta aurenta. A gaggauta. Ina so a yi ina sane."

An gaggauta, amma ranar ɗaurin auren Mama ta tashi da hazo a kanta. Da aka kawo amarya gabanta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Yarinya, 'yar wace ce ke?"

Auta ya kau da kai yana goge ido.

Malama ta matso ta kama hannunta. "Matar Auta ce, Mama."

"Auta ya yi aure?" Fuskarta ta washe. Ta jawo hannun ɗanta ta haɗa da na amaryar, ta danne da nata duka biyu.

"To ban san ki ba, amma zuciyata ta kwanta da ke. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu jin ƙanku ranar da ƙarfi ya ƙare."

Kowa a ɗakin ya ce amin.