Akwatin da Ya Ninke a Aljihu

Da atishawa suka fara. Ta kawo odar gilasai ɗakin bincike, ta leƙa teburinsa don son ganin ƙwaƙwaf, hanci ya ci amanarta. Aikinsa na mako guda ya bi iska. Ya ɗago zai yi faɗa, ya ga idanunta, bawan Allah ya ɓige da cewa sannu.

Aikin nasa 'yan fallayen roba ne, kowanne bai fi ƙwayar yashi ba. Da falle ya ji ɗumi irin na jikin mutum sai ya ninke kansa ya zama ɗan akwati, ana fatan wata rana ya riƙa kai magani cikin jiki. Sau ɗaya yake ninkewa, ba ya sake buɗewa. Ta laƙaba masa Mai Ƙura, shi kuma Hasken Ido yake ce mata, kan ka ce me so ya kama su tamau.

Baba ne ya ƙi. Shekararsa arba'in yana ƙera akwatunan ƙarfe, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a taɓa ganin sana'arsa da ido ba, ga ɗan amininsa magini yana neman ta, da benayensa a tsaye. Ta yi kuka har Inna ta sa baki. Baba ya ce to, Mai Ƙura ya zo ranar Asabar, abin ya ninke a gabansa. In bai ninke ba, kada ya sake tako ƙofar gidan.

Ranar da safe saƙon Mai Ƙura ya shigo: "Hasken Ido, falle ɗaya tal aka yarda in fita da shi. Yana cikin fulas da ƙanƙara. Ki yi min addu'a."

Ta amsa: "Tun asuba nake yi, Mai Ƙurata. Kada ka yi rawar hannu."

Tana bayan labule ya iso. Kunya ta hana shi shiga gaban manya da fulas kamar mai talla, sai ya zaro 'yar kwalbar ya jefa aljihun ƙirji. Baba kuwa da gangan ya shanya shi rabin awa yana hira da magini. Ita dai tsoro ya cika ta.

Da Mai Ƙura ya ɗora kwalbar ƙarƙashin madubin ƙara girma da ya zo da shi, ta ga fuskarsa ta canza.

"Baba, ya riga ya ninke. Ɗumin jikina ne ya same shi a aljihu."

Magini ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai shi ma zai iya ninke abu a gida ya zo da labari. Ita kuwa ta dafa bango. Shi ke nan, ta rasa Mai Ƙura.

Baba bai yi dariya ba. Ya jawo madubin, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana juya kwalbar.

"Hannu bai taɓa wannan ba," in ji shi. "Duk abin da aka lanƙwasa da awartaki sai ya bar tabo a gefe. Nan ba tabo ko ɗaya."

Baba ya ƙara dubawa, ya ce amma murfin ya ɗan karkace, layin hagu ya fi na dama zurfi. Mai Ƙura ya leƙa, ya ce wallahi haka ne, wata uku ke nan suna neman dalili.

Baba ya ce, "Ka biyo shago in nuna maka. Ka zo da manyanka, mu gama magana gaba ɗaya."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar da za a kai ta, Baba ya riƙe hannunta ya kasa saki.

"Na ba shi ke da zuciya ɗaya, uwata. Allah ya yi muku albarka."