Gungume a Hanyar Loma Clara

"Taka birki! Direba, taka birki!"

Nicanor ya riga ya taka. Ya hango gungumen da aka gitta a hanya tun kafin fasinjojinsa su gani, domin ya san a nan zai tarar da shi: bayan gadar ƙarfe, a kwanar da dutse ya tokare hannun dama, kwari kuma ya wangale baki a hagu. Motar ta ja taya a jiƙaƙƙiyar kwalta, ta tsaya cak. Ƙarfe uku da 'yan mintuna na rana, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya.

Mutum biyu suka faso daga cikin gonar kofi, kowanne da hular kwano ta 'yan babur, gilashi a rufe.

"Kashe mota! Kowa ya fito! Hannu sama!"

Dogon, mai bindiga, shi ne Wander. Gajeren, mai adda, Chelo. Nicanor ya san su kamar yunwar cikinsa, amma ya ɗaga hannu yana rawar jiki kamar bai taɓa ganinsu ba. Wander ya fizgo shi daga kujera, ya maka masa gindin bindiga a goshi. Ƙwal! Ya zube a kwalta, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Wannan ma yana cikin tsari.

Shekara shida Nicanor yana tuƙi a kamfanin Don Plinio, mai motoci biyar da ke ɗauko mutane daga filin jirgi zuwa garuruwan kan tudu. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa Loma Clara, kuma duk wanda ya yi hayar mota shi kaɗai a watan Disamba, an san daga Nueva York ta Amurka ya sauka, akwatuna cike da tsarabar dangi, dala a ɗaure a ƙugu. Nicanor yana ganin jerin sunaye a allon ofis. Aikinsa kawai ya aika wa Wander lokacin saukar jirgi da lambar mota. Sau uku sun yi. Biyu a motocin abokan aikinsa, ɗaya a tasa, don kada ido ya tsaya a kan mutum guda. Sharaɗi ɗaya ya kafa tun ranar farko, a bayan wani shagon gyaran taya inda suka ƙulla harkar: ba harbi.

"Haba mutumina," in ji Wander a ranar, yana dariya. "Harsashi ma kuɗi ne. Wa zai ɓata?"

Yau fasinja biyu ne. Doña Ercilia, tsohuwa mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, wadda ta gama aikin goge-goge a ƙasar mutane ta dawo gida gaba ɗaya, da ɗanta Fausto, ƙaton mutum mai sanyin magana da ya rako ta.

"Kada ku taɓa ta," Fausto ya ce, hannunsa a sama. "Ku ɗauki komai. Ga agogo, ga waya. Kada dai ku taɓa ta."

"Rufe mana baki, ɗan Amurka! Kwanta!"

Fausto ya kwanta a gefen taya. Wander ya buɗe bayan mota yana yaga akwatuna da wuƙa, yana watsar da riguna da takalman yara a cikin ruwa. Chelo ya nufi tsohuwar. Ba ta iya sauka ba, tana zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta a waje, jakarta a rungume. Gilashin hularsa ya yi hazo, ko fuskarta ba ya gani sosai.

"Ja-ja-jakar! Ba-ba-ba ni jakar! Ci-cire sarƙar!"

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta karkata kai kamar mai sauraron waƙar da ta sani.

"Chelo?"

Addar ta tsaya a sama.

"Chelo ɗan Minerva mai wanki? Kai ne? Wannan i'inar ko a kabari na ji ta zan gane. Ni na riƙe ka a coci ranar baftismarka, ka yi min fitsari a sabuwar riga. Ɗaga wannan abin in ga fuskarka."

Nicanor mutumin birni ne, bai san dangin kowa a Loma Clara ba. Abin da ya rubuta wa Wander kawai: tsohuwa da ɗanta, akwati shida.

Chelo ya ja da baya taku biyu. Addar ta suɓuce, ta yi ƙara a kwalta.

"Ma-ma-mama..."

Wander ya daina yage-yagen. Ya zagayo a hankali, ya dubi tsohuwar, ya dubi Chelo, ya yi tsaki mai tsawo.

"Shi ke nan. Ka kashe mu, ɗan banza."

Ya zo kan Nicanor, ya taka masa wuya da takalmi kamar mai ƙara masa azaba, ya sunkuyo har hular ta kusa taɓa kunnensa.

"Tashi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mayar da su cikin mota. Ka saki birkin hannu, mu tura ta kwari. Ruwa ne, santsi ne, hatsari ne. Kai ka yi tsalle ka tsira."

"Ba mu yi haka da kai ba."

"Ta kira sunansa! In an kama shi, minti nawa zai yi kafin ya kira naka? Ka tuna matarka. Tashi!"

Abin da su ukun ba su sani ba shi ne, a ƙasan tudun, kilomita huɗu a baya, wata tsohuwar motar ɗaukar kabeji tana ta huci a tsakiyar garken shanu. A gabanta Sajan Olivo na 'yan sanda ne zaune cikin rigar leburori, bindigarsa a ƙarƙashin cinya, kuratansa uku a baya cikin buhuna. Wata biyu yana bin maganar fashin nan. Fashi uku, kamfani ɗaya: ya san daga ciki ake sayar da labari, sai dai zarginsa ya fi karkata ga yarinyar da ke amsa waya a ofis. Tun daga filin jirgi suke bin motar Nicanor, sai shanun nan suka raba su.

"Danna musu oda!" Olivo ya daka wa direbansa tsawa.

"Oga, saniya ba ta san ɗan sanda ba."

"To ka koya mata! Bi ta gefe!"

A can sama, Nicanor ya miƙe da kyar. Ya dubi kwarin. Ko ƙasansa ba a gani, sai hazo da rugugin ruwa. Ya dubi tsohuwar. Leɓunanta suna motsi, addu'a take yi, amma idonta yana kan Chelo.

Chelo ya cire hular. Fuskarsa jage-jage, ruwa da hawaye.

"A'a, Wander. Ba-ba-ban da ita. Mu ta-tafi kawai. Ba za ta fa-faɗa ba."

"Mayar da hularka."

"Na ce a'a!"

Wannan karon ko i'ina bai yi ba. Ya taka ya tsaya tsakanin bindigar da ƙofar mota, ya buɗe hannuwa.

Tau!

Chelo ya zauna daɓas, kamar wanda aka janye wa kujera. Ya dubi ƙirjinsa cikin mamaki, sannan ya kife.

Tsohuwar ta ƙwala ihu. Fausto ya zabura daga ƙasa, ya yi kan Wander. Tau! Harsashin ya juya shi, ya bugu da jikin mota, ya zame yana riƙe da kafaɗa. Bakin bindigar ya koma kan Doña Ercilia.

Nicanor bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Sai ganin kansa ya yi a sama. Ya rungumo hannun Wander, suka faɗi tare, suka mirgina cikin taɓo da riguna. Naushi — gwiwa a ciki — yatsa a ido! Wander ya fi shi ƙarfi, ya danne shi, yana huci cikin hular.

"Munafuki! Yau ka zama waliyyi?"

Tau!

Wuta ta kama gwiwar Nicanor ta dama. Ya ji ƙashin ya tarwatse. Duk da haka bai saki ba, ya kafa haƙora a wuyan hannun Wander har ya ji gishirin jini. Bindigar ta faɗi, ta zame ƙarƙashin mota.

Sai oda — doguwa, mai tsaga kunne — daga wajen gada.

"'Yan sanda! Kada wanda ya motsa!"

Wander ya fizge. Ya suri jakar tsohuwar, ya tsallake gungumen, ya faɗa cikin gonar kofi inda suka ɓoye babur. Harbi biyu suka bi shi, ganye ya zubo. Ƙarar babur ta yi sama, ta ɓace a cikin ruwa.

Olivo ya durƙusa kan Chelo, ya taɓa wuyansa, ya girgiza kai. Ya juyo wurin Nicanor, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya tamau.

"Riƙe ranka, direba. Ka yi aikin maza."

Nicanor ya rufe ido.

Kwana uku ya yi a asibiti yana jarumi. Likitoci sun yanke ƙafar daga saman gwiwa. Don Plinio ya zo da kwandon lemo, ya rantse ko da ƙafa ɗaya ba zai kore shi ba, zai ba shi kujera a ofis. Abokan aikinsa, har da biyun da ya sayar, suka cika ɗakin suna tsokanarsa: "Kai da ko kyankyaso ba ka iya kashewa, ashe zaki ne!" Matarsa Yudelka tana ta share hawaye tana murmushi. Shi kuwa duk takun da ya ji a baranda sai ya waiga ƙofa.

A rana ta huɗu da hantsi Doña Ercilia ta shigo tana dogara sanda, da kwanon miyar kaza da rogo a naɗe cikin tawul.

"Ɗana, tashi ka sha tun da zafi. Da hannuna na dafa."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce Fausto yana hawa na sama, zai rayu. Ta ce jiya aka binne Chelo, kuma ta je ta tsaya kusa da Minerva a bakin kabari, duk da gulmar mutanen gari.

"Na gaya mata ɗanta ɓarawo ne, amma a tsaye ya mutu, yana kare ni. Sai ta riƙe hannuna."

Ƙofa ta buɗe. Sajan Olivo ne, yau cikin kakinsa. Bai yi murmushi ba. Ya cire hula ya gaida tsohuwar, ya jawo kujera.

"Mun kama mai bindigar da asuba," ya ce. "A tashar mota kusa da kan iyaka, yana neman tsallakewa. Hannunsa ya kumbura, cizon ya ruɓe. Ko marinsa ba mu yi ba ya fara waƙa." Ya dubi Nicanor. "Ya ce kai ne shugabansu. Ya ce kai ka tsara komai, kai ka ce a kashe su, shi ɗan aike ne kawai. Na ce ƙarya yake. Sai ya ba ni wayarsa."

Ya ɗora wayar a kan bargo. Saƙon yana nan a buɗe.

Doña Ercilia ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta karanta a fili, kalma-kalma: "Tsohuwa da ɗanta. Akwati shida. Ƙarfe sha biyu da rabi."

A baranda wani yana tura keken marasa lafiya, tayar tana kuka.

"Ban ce a kashe kowa ba," Nicanor ya ce. "Na rantse da Allah, wannan ƙarya ce. Amma saƙon nawa ne. Da na sauran ukun."

Tsohuwar ta cire tabarau. Ta dube shi.

"Da ka tsaya a filin jirgi riƙe da kwali mai sunana, ka karɓi jakata, ka ce min barka da dawowa gida, ka san inda za ka kai ni?"

"Na sani, Doña."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa sanda ta miƙe. Ya zaci za ta tofa masa yawu, ko ta ɗauke kwanon. Sai ta tura shi kusa da hannunsa.

"Sha. Na riga na dafa."

Ta fita ba ta waiwayo ba. Olivo ya jira har takunta ya ɓace, sannan ya ɗaure hannun Nicanor na hagu da ƙarfen gado.

A kotu ta ba da shaida sau ɗaya. Lauyan gwamnati ya so ta ce shi ya kai ta mahallaka, lauyan Nicanor ya so ta ce shi ya cece ta.

"Duka biyun ya yi," ta ce. "Ku rubuta duka biyun."

Wander ya samu shekara talatin. Nicanor goma sha biyu, da sandunan dogarawa. Yudelka ta zo ziyara sau biyu, ta kwashe yara ta koma garin iyayenta. Hannun Fausto na dama bai sake ɗaga kofin shayi ba. Mutane suka daina kiran motocin Don Plinio, kafin Disamba ta zagayo ya sayar da huɗu, direbobinsa suka watse neman aiki.

Doña Ercilia kuwa, da ta yi shekara ashirin da shida tana goge benen wasu don ta gina ɗaki uku a Loma Clara ta mutu a cikinsu, wata biyu kacal ta kwana a gidan. Ba ta iya barci, ko faɗuwar mangwaro a kan kwano sai ta zabura. Ta kulle ƙofa, ta ba Minerva makullin, ta ce ta zauna a ciki. Ranar komawarta Nueva York maƙwabta uku suka yi tayin kai ta filin jirgi a motarsu. Ta gode musu. Ta shiga bas ɗin haya, ta matse tsakanin wata mai buhun albasa da wani mai kaji, ta sauka daga tudun.