Fiyar Jatau ta Ƙarshe

A can da, an yi wani mutum mai cika baki, sunansa Jatau. Wata rana gwaggonsa ta ba shi fiya uku masu tauri kamar dutse.

Ta ce, "Binne su cikin dusa kwana huɗu. Kada ka taɓa."

Ya ce, "Haba Gwaggo! Kamar ni za a koya wa fiya?"

Washegari ya tono ɗaya ya yanka, ga ta ɗanya sharaf. Ya tono ta biyu, ya latsa, ya latsa, har ta yi baƙi. Saura ɗaya tak. Jatau ya zauna kan hannuwansa don kada ya taɓa ta, yana hararar dusa.

Ran kwana huɗu ya yanka, sai laushi kamar man shanu. Ya ruga ya durƙusa gaban gwaggonsa, bakinsa duk fiya.

"Gwaggo, Allah ya saka da alheri! Amma in an tambaya, ki ce haƙurin nawa ne."