Gadon da Aka Yanke wa Ƙafa

Ina shiga shagonsa na ga gadon aurenmu a ƙasa, an yanke masa ƙafafu huɗu, an kuma kafa masa wani ƙarfen dafawa a gefe.

Gadon da na zaɓi katakonsa da kaina! Wata uku yana goge shi, ko ƙura ba ya bari ta zauna a kai.

"Kafinta, wa ya taɓa min gado?"

Idan na kira shi da sana'arsa ya san ba lafiya. Ya ajiye zarto, ya ƙi kallon idona.

"Don ki ji sauƙin hawa ne, zuciyata... Haka na yi wa Mama."

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Mahaifiyarsa kansar mama ce ta kashe ta, shekara biyu tana ɓoye ciwon har ya ci jikinta, su biyu suka yi jinyarta shi da yayarsa. Ni kuwa kwana tara ke nan da likita ta ce an ga nawa tun yana cikin bututun nono, bai fita ko'ina ba. Na faɗa masa haka ya fi sau biyar. Ashe kalma ɗaya ya ji, sauran duk iska ta kwashe.

Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara min wani. Wai yana so a matso da bikin zuwa ƙarshen wata, don mu samu ɗan lokaci tare. Wai Yaya ta ce ya janye, ba za ta sake kallon ƙaninta yana wanke kwanon majinyaci ba, har ta fara yi masa tallan wata ƙawarta, amma shi ya rantse ba zai gudu ya bar ni ba. Yana faɗa yana jiran in yaba masa.

"Wato kai da Yaya kun gama binne ni, bambancinku kawai kai za ka raka ni?"

"Ba haka ba ne..."

"Miji nake nema, ba mai jinya ba. Auren tausayi kuma ka kai kasuwa."

Na yi kuka a hanya, amma kukan haushi ne.

Ran Laraba na tasa shi gaba har ofishin likita. Yaya ma ta biyo mu, wai ta zo ta ji ƙarya da kunnenta, ta zauna bakin ƙofa ta rungume jaka. Likita ta juyo da hoton ta nuna musu ɗigo-ɗigon da ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Ta ce za a yi ƙaramin aiki a cire wurin, sai gashin wurin da na'ura na 'yan makonni, wataƙila da ƙwaya ta wasu shekaru. Ta ce yana iya dawowa, shi ya sa duk shekara sai na zo hoto, ba fashi. Amma cikin mata ɗari masu irin nawa, kusan dukkansu suna nan da ransu bayan shekara goma, wasu har da goyo.

Kafinta ya dubi likita.

"Likita... za ta tsufa?"

"Rai na Allah ne. Amma in don wannan ciwon ne, ka shirya shan faɗanta har ka yi furfura."

Ƙato da shi, sai ga hawaye. A waje ya riƙa ba ni haƙuri, masoyiya kaza, hasken ido kaza. Na bar shi ya yi ta yi, don ya cancanta. Sannan na ce ranar da aka sa tun farko ita ce ranar, ko awa ɗaya ba za a matso ba, kuma da tabona zan shigo gidansa. Ya ce ya ji, ya yarda.

Da ya tafi kawo mota, Yaya ta kamo gefen mayafina. Na juyo da shirin rigima, sai na ga ta dafa ƙirjinta.

"Ƙanwata," ta ce a hankali, "wata bakwai ke nan ina jin wani abu a nan hagu. Ban faɗa wa kowa ba."

Na kira ango na ce ya kashe motar ya jira mu. Na kama hannunta muka koma ciki.