Dogo a Gaban Iska

Auta tana durƙushe a falo tana goge wa mahaifinta riga sai ta ji ƙarar faɗuwa a ƙofar gida, kamar an yar da buhun ƙarafa. Ta ajiye dutsen guga ta leƙa ta taga. Dogo ne, mai gyaran firjin da ke neman aurenta, kwance a ƙasa, keke a kansa, ƙafarsa ɗaya maƙale a feda. Baba kuwa yana zaune a bencinsa na kullum yana kallonsa, ko motsi bai yi ba.

"Sannu da hutawa, Baba," in ji Dogo daga kwancen.

"Kai ne da hutawa. Wannan wace irin gaisuwa ce?"

"Takalmin ne, Baba. Maƙale shi ake yi a feda, sai an murɗa dunduniya yake fita. Ni kuma sabon shiga ne, na manta."

Da ƙyar ya ɓalle ƙafar ya miƙe. Ya tako yana ƙwas-ƙwas kamar agwagwa, ya cire hular kwano ya durƙusa. Wata uku ke nan da ya shiga kulob ɗin masu tseren keke. Ya zo ne ya gaya wa Baba cewa ƙarshen wata zai shiga tserensa na farko.

Baba tsohon direban tirela ne, shekara talatin da biyu yana kan hanya kafin ya ajiye. Ya dubi siraran tayoyin keken, ya ce, "A wane titi kuke koyon?"

"Babban titi, Baba, da sassafe."

"Inda manyan motoci suke bi?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"To saurara, yaro. Ba ni da abin faɗa a kan halinka ko sana'arka. Amma na ga abin da titi yake yi wa mai keke, da hannuna na taɓa rufe wani da bargon motata. Ba zan ba da 'yata ta yi wata shida ta dawo mini da takaba ba. Ko keke ko Auta. Ka je ka yi tunani."

A falo rigar ta ƙone ƙurmus, Auta ba ta ma ji ƙauri ba sai da Umma ta shigo da salati.

"Ke! Gidan za ki ƙona mana?"

Sai Auta ta fashe da kuka ta faɗa jikin uwarta. Umma ta shafa kanta ta ce, "Yi shiru. Ubanki ba ƙin yaron yake ba, tsoro ne. Ni na san yadda na yi shekaru ina jiran ƙarar motarsa."

Washegari Auta ta biya ta shagon Dogo a hanyarta ta dawowa daga aiki. Ta same shi tsakanin firji biyu da aka kwance musu baya, hannunsa duk baƙin mai. Keken yana jingine a bango, an rataya masa kwali an rubuta: na sayarwa ne.

Ta sa hannu ta cire kwalin.

"Auta, pilis, mayar da shi. Na gama tunani, ke na zaɓa."

"Na sani. Amma tun da ka fara hawan keken nan na ga kana dariya da gaske. Kafin nan daga shago sai ɗaki, kamar wanda aka yi wa mutuwa jiya. In ka sayar saboda ni, duk asubar da ka ji sun wuce za ka juyo ka kalle ni. Ba na son wannan kallon."

"To Baba fa? Ki saɓa masa?"

"Allah ya kiyaye! Ba zan ɗaga masa murya ba, ba zan kuma bi ta bayan idonsa ba. Ka daina bin babban titi daga yau. Sauran ka bar mini."

Yarinya mai tarbiyya haka take yi. Ba ta kumbura fuska ba, ba ta ƙi cin abinci ba kamar yadda wasu 'yan zamani suke yi don su tsorata iyayensu. Sati biyu tana hidimarta. Ranar nan tana yanke wa Baba farce ta ce a hankali, "Baba, alfarma ɗaya nake nema. Ka zo ka kalli tseren sau ɗaya. In ka gani ka ce a'a, wallahi ba zan ƙara ta da maganar ba."

Baba ya ce, "Zan je. Don in nuna miki abin da nake gudu."

Ranar tsere suka isa da wuri. An rufe hanyar da shinge, ba mota ko ɗaya, ga ma'aikata da tutoci a kowace kwana, ga motar asibiti a gefe. Baba ya duba ko'ina. Sababbin shiga su kusan ashirin ne, za su zagaya sau takwas. Aka busa usur, suka tashi.

Zagayen farko da suka dawo, Dogo ne a gaba, saura sun jeru a bayansa taya na bin taya.

"Baba, ka gani! Shi ne na ɗaya!" Auta ta yi tsalle.

Zagaye na biyu ma shi ne. Na uku ma haka. Auta har muryarta ta dushe. Amma Baba sai ƙara ɗaure fuska yake. A na huɗu ya miƙe tsaye ya kama shinge.

"Koma baya! Kai, koma baya!"

Auta ta riƙe masa hannun riga, idonta ya cika da ƙwalla. "Haba Baba, baki kake masa? Ko ba ka sonsa, ka bari ya ci."

"Wane irin ci? Ke ba ki san hanya ba! Na gaba shi iska take duka, na baya a laɓe yake yana hutawa. In ƙaramar mota ta maƙale bayan tirelata, rabin mai take sha. Dubi waɗancan, ko baki ba su buɗe ba, shi kuwa harshe a waje. Jan su yake kamar jaki!"

Da suka sake zuwa, Baba ya manta da girma, ya manta da ciwon gwiwa. Ya bi gefen shinge da gudu-gudu yana ɗaga hula. "Ku fito ku karɓe shi mana, marasa kunya! Ɗan wani ne shi ma!"

Ba wanda ya fito. Zagayen ƙarshe, ana buga ƙararrawa, suka zare daga bayansa ɗaya bayan ɗaya suka wuce fuu! Dogo ya taka feda, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Shi ne na biyun ƙarshe, wanda ya biyo bayansa ma tayarsa ce ta sace.

Ya zauna a bakin hanya, cinyoyinsa na rawa, ya kasa ɗaga ido. Auta ta miƙa masa ruwa. Sai ga inuwar Baba a kansa.

"Me ya hana ka komawa baya?"

"Kyaftin ɗin kulob ɗinmu ya koya mana, Baba. In ka gaji sai ka karkaɗa gwiwar hannu ka kauce, na bayanka ya karɓa."

"To?"

Dogo ya ce, "Na hango ka a bakin shinge. Na ce duk lokacin da muka wuce, gara ka gan ni a gaba."

Baba ya cire hularsa ya yi wa yaron fifita da ita, kamar bai san yana yi ba.

"Wato ni ka yi wa wannan wautar."

"Sori, Baba."

"Ajiye sorinka. Na ga ba ka da wayo, amma ba ka yi mini ƙarya ba, kuma zagaye bakwai ka ja mutum ashirin ba ka sauka ba. Nan wurin ban ga abin tsoro ba, an rufe hanya. Koyon ne matsalata. Waɗanne ranaku kuke fita?"

"Talata da Asabar."

"Daga yau ni zan zaɓa muku hanya, na san wadda tirela ba ta bi. Kuma zan biyo ku a baya da motata, fitilun gefe a kunne. Duk direban da yake son ya taɓa ku sai ya fara ta kaina. Ka gaya wa kyaftin ɗinku."

Dogo ya ɗago kai. "Baba, maganar Auta fa?"

"Ka turo manyanka. Amma ka zo da takalmin mutane."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta durƙusa a nan bakin titi ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Tashi, ke ma kin iya naci cikin ladabi, kamar uwarki."

An yi auren bayan wata huɗu. Har yau Dogo bai taɓa zuwa na ɗaya ba, amma ya zo na biyar sau biyu, kuma ya koyi karɓar gaba da barin gaba. Duk Talata da Asabar da sassafe za ka ga layin kekuna a hanyar bayan gari, tsohuwar mota na biye da su a hankali, tsoho a ciki yana leƙowa ta taga yana faɗa.

Ku 'yan mata da samari, ku ji da kyau. In iyaye suka ce a'a, kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Sau da yawa tsoro ne, sun ga abin da ba ku gani ba. Da Auta ta yi rashin kunya, da ta rasa uba ko ta rasa miji. Ta yi haƙuri, ta nemi abin da yake tsoro, ta bi shi da ladabi, sai Allah ya bar mata su duka biyun.